Wane Mai Za a Zuba wa Sabuwar Kwamfuresar AC ta Mota?

Sabuwar kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin AC yana tura shi cikin bututu, tana iya ƙonewa cikin 'yan makonni, ba don ba ta da kyau ba, sai don man da aka zuba mata. Man nan ba a cikin kwamfuresa kaɗai yake zama ba. Yana bin gas ya zaga bututu, ya ratsa kwandensa (wadda ke fitar da zafin gas a gaban mota), ya dawo. Saboda haka dole ya zama mai jituwa da gas ɗin motar.

Ɗaga bonet ka duba takardar da aka manna a jiki. A nan aka rubuta irin gas da yawansa, sau da yawa har da irin man. Tsofaffin motoci masu gas irin R12 man ma'adini suke sha. Masu R134a kuma man PAG, wanda ya zo da kauri uku da aka fi sani: 46, 100 da 150. Lambar tana hawa, kaurin yana ƙaruwa. Man Denso ND-8 da man Sanden SP-10 duka a rukunin 46 suke. Masu R1234yf suna da nasu man, kamar ND-12. Kaurin kuwa kamfanin da ya ƙera kwamfuresar ne ke faɗa, don haka karanta takardar sabuwar, kada ka dogara da ta tsohuwa.

Inda za ka yi hattara sosai shi ne mota mai haɗa fetur da lantarki. Kwamfuresarta da wuta take juyawa, kuma wayoyin da ke cikinta a cikin mai suke kwance. Yawancin irin waɗannan kwamfuresoci wani mai daban da ake kira POE suke so, irin ND-11. Ɗan kaɗan na PAG na yau da kullum, ko da ragowar da ta maƙale a tiyon cika gas ce, yana iya sa wuta ta riƙa zurara zuwa jikin kwamfuresa, kwamfutar mota ta kashe AC, mai gyara kuma ya shiga haɗari.

Sai maganar yawa. Juye man tsohuwar kwamfuresa a kofin awo, kana murza farantin gabanta da hannu har ya daina ɗiga. Kalli man da kyau. In ya yi baƙi, ko ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, to cikinta ya ci kansa: a wanke bututu, a canza matatar da ke tsotse danshi, kwandensa mai ƙananan ramuka ma a canza ta, don wanki ba ya fitar da dattinta. In man fes yake, juye na sabuwar a wani kofin daban, ka mayar mata daidai abin da ya fito daga tsohuwar. In kuwa an wanke komai, zuba cikakken adadin da littafin mota ya ce. Mai ya yi kaɗan, kwamfuresa ta kama. Ya yi yawa, ya lulluɓe cikin bututu, sanyi ya ragu.

PAG yana shan danshi daga iska da sauri, don haka rufe kwalbar da zarar ka zuba. Bayan ka ɗaura, murza farantin da hannu sau goma don man ya rarrabu, ka zuƙe iska da famfo na aƙalla minti 30, sannan ka cika gas da awon sikeli.