Daga Delfi: Yanyawa, Bushiya da Kaska

Assalamu alaikum masu kallo. Duwatsun nan da kuke gani a bayana suna garin Delfi ne, a gindin tsaunin Farnasus da ke ƙasar Girka, kuma daga saman ɗayansu aka ce mutanen garin suka jefo Isof, mai tatsuniyoyin dabbobi, wajen shekara ta 564 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ce sun cusa kofin zinariya na ɗakin bautar Afolo, ɗaya daga cikin gumakan Girkawa, cikin kayansa, sannan suka ƙulla masa sharrin sata.

A shagunan tsaraba da ke bakin titi ana sayar da labaransa cikin littattafan yara masu zane, galibi kunkuru da zomo ne a bangon. Girkawan dā kuwa ba su ɗauki tatsuniya wasan yara ba. Isof bawa ne, kuma bawa ba shi da ikon duban idon mai mulki ya gaya masa gaskiya, saboda haka sai ya sa maganar a bakin dabba.

Masanin nan Aristotal ya ruwaito cewa a tsibirin Samos an gurfanar da wani jagoran jama'a da ake shirin yanke wa hukuncin kisa, sai Isof ya tashi ya ba da labarin wata yanyawa da ruwa ya ja ya jefa cikin kwazazzabo, ta kasa fita, kaska suka manne mata suna shan jini. Bushiya ta zo wucewa, tausayi ya kama ta, ta nemi ta cire mata su. Yanyawa ta ce a'a, waɗannan sun riga sun ƙoshi, idan aka cire su wasu mayunwata za su zo su tsotse ɗan abin da ya rage. Daga nan Isof ya ce wa jama'a mutumin ya riga ya yi arziki, idan suka kashe shi matalauta ne za su hau kujerarsa su wawure baitulmali.

Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba, domin ban taɓa ganin ɓarawon da ƙoshi ya sa ya tuba ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya kare mutumin ba tare da ya wanke shi ba, har ma ya kira shi kaska a bainar jama'a, kuma babu wanda zai iya cewa ya zage shi.

A nan Delfi dabarar ba ta ceci Isof ba. Sai dai marubucin tarihi Hirodotus ya ce daga baya mutanen garin sun yi ta shela a zo a karɓi diyyar jininsa, kuma babu wanda ya zo sai jikan Iyadmon, ubangidansa na Samos.