Wa Ya Sa Aka Rubuta Littafin?

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a zaman wata-wata na wata ƙungiyar masu karatu a Tawa, ƙasar Nijar. Mai jawabin tsohon malamin makaranta ne.)

Assalamu alaikum. Malamai, ƴan'uwa, da ku ƴaƴana ƴan makaranta da ke can baya, sannunku da zuwa. An ce in zaɓa muku abin karantawa, kun gaji da ja-in-ja a kan wanda za ku fara da shi. To, zan zaɓa, amma sai kun ji dalilina.

Littattafan da muke kira na dauri ba daga sama suka faɗo ba. A 1933 wani Bature, Rupert East, da ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Cikinta aka samu biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Abin da Bature ke nema shi ne littafin da yara za su karanta a aji. Shi ya sa kuka gan su ƴan sirara, kowanne ana iya gama shi kafin shayi na uku ya sauka a fada.

Ruwan Bagaja ba sai na tallata shi ba, mai kyau ba ya buƙatar talla. Roƙona ɗaya: kada ku karanta shi a zuci. Mutum guda ya ɗaga murya, saura su saurara. Cutar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna, a kunne take da daɗi.

Ganɗoki nake so mu zauna kansa. Jarumi ne da ya ja daga da sojan Ingila lokacin da suke cin garuruwan Arewa, sannan labari ya kwashe shi zuwa duniyar aljannu. Da ya dawo gida, ya tarar zamani ya sake, ya kuma yi sulhu da shi. To, ku tambayi kanku: wa zai fara karanta rubutun kafin a buga? Baturen da ya sa gasa. Ban ce Malam Bello ya yi fadanci ba, Allah Ya jiƙansa. Na ce ya san gidan wa ya kai tallarsa. Wasunku za su ce hikima ce, ya zuba yabon mazan jiya son ransa, sannan ya rufe da abin da zai sa a bar littafin ya wuce. Ni ma can na fi karkata, amma ku zo da taku hujja.

Da kun ajiye shi, ku ɗauki Sarraounia na Abdullahi Mamani, ɗan ƙasarmu, wanda ya fito a 1980. Da Faransanci yake, waɗanda suka yi lakwal su fassara wa saura. Zancen zuwan Nasara ne shi ma: ayarin hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine na 1899, waɗanda suka yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau tsofaffi ba su manta ba, nan kusa da mu, da kuma Sarauniyar Lugu da ta tare su. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, kuma shekara ashirin bayan ƴancin kai littafinsa ya fito. Babu Baturen mulki da zai duba masa. Shi ya sa babu sulhu a ciki. Amma kada ku ɗauke shi littafin tarihi. Ƙagagge ne, ya ƙara gishiri inda ya ga dama, kuma ku lura da yadda ya zana sarakunan Musulmi na kewaye, don a nan ma akwai abin gardama. Fim ɗin littafin da Med Hondo ya yi a 1986 ku bar shi sai kun gama karatu.

Ɗiyata da ta ɗaga hannu ɗazu tana tambaya ina mata a cikin biyar ɗin nan, kin yi gaskiya, duk maza suka rubuta. Amma ki nemi Shaihu Umar. Sunan ɗan ke bisa bango, ƙarfin labarin kuwa na uwar ne, wadda ta bi sawun ɗanta da aka sace, har ita ma ta faɗa bauta a hanyar hamada.

Saboda haka wata mai kamawa Ganɗoki, na bayansa Sarraounia. Masu kwafi biyu a gida su ara wa marasa shi, a kuma rubuta sunan wanda ya ara, don mun san halinmu. Shugaba, ga lasifikarka.