Ƙoƙon Katako, Matashin Kunne da Auduga: Yadda Ake Sauya Muryar Hedifon

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗan dubi abin da ke kan teburin nan. Hedifon guda ne na kwance shi ɗaiɗai. Ga ƙoƙon kunnensa na roba da ya zo da shi, ga wani na katako da aka sassaƙa masa, ga matashin kunne iri uku, ga dunƙulen auduga, ga sukundireba. Duk wanda ya shigo ɗakin nan, katakon yake fara ɗauka, ya shafa, ya ce ai wannan ne zai gyara sautin. Ni ma ina son katako ƙwarai. Amma cikin kayan nan duka, shi ne na ƙarshe da zan ce ku taɓa, kuma yanzu za ku ji dalili.

Mu fara da abin da ke ciki. Kowane ɓangare na hedifon yana da 'yar lasifika, ita kuma tana da wani siririn tantani da ke kaiwa da komowa yana tura iska. Idan ya tura iskar gaba zuwa kunnenka, a lokaci guda yana janye ta baya. Wato sauti biyu yake fitarwa, ɗaya gaba, ɗaya baya. Na gaban shi kake so. Na bayan kuwa, in hedifon rufaffe ne, ba shi da hanyar fita. Sai ya bugi bangon ƙoƙo, ya dawo, ya ratsa tantanin, ya cakuɗe da na gaban. Duk gyare-gyaren da masu wannan sana'a ke yi, ƙoƙari ne na sarrafa iskar da ke ɗakuna biyun nan: wanda ke tsakanin lasifika da kunne, da wanda ke tsakanin lasifika da ƙoƙo.

Ɗakin gaba, matashi ne bangonsa. Shi ya sa sauya matashi ya fi komai tasiri, kuma ya fi komai sauƙi. Ga lissafin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Sautin bes mai hertz 50, wato mai girgiza sau 50 a daƙiƙa, irin dum-dum ɗin da kake ji har a ƙirji, tsawon igiyarsa ya kusa mita bakwai. Ina mita bakwai za ta shiga wurin da bai fi tafin hannu ba? Saboda haka a cikin hedifon, bes matsin iska ne kawai, kamar kana danna famfon taya ka toshe bakinsa. In akwai kafa ko yaya take, matsin ya zurare, bes ya bi shi. Mai sa tabarau ya gwada: sa waƙa mai bes, ka cire tabarau ɗin, ka mayar. A rufaffen hedifon za ka ji bambancin nan take, don ƙafar tabarau ta ɗaga matashin ta buɗe hanya.

To matashin fata, ko na roba mai kama da fata, yana like iska, bes ya cika. Na karammiski yana numfashi, iska tana ratsa shi, sai bes ya ragu, sauti ya saki jiki, kunne kuma ba ya gumi. Akwai na fata mai ƙananan huji, wanda ke tsakiya. Kaurinsa ma magana ce. Mai kauri yana nesanta kunne da lasifika, sai ka ji kamar mawaƙin ya ja baya taku biyu. Wanda ya tsufa ya lotse yana matso da ita, ya sauya muryar gaba ɗaya. Mutane da yawa suna cewa hedifon ɗinsu ya yi laushi bayan shekaru, alhali matashin ne ya kwanta. Masu hedifon Grado, kamfanin da aka kafa a Brooklyn ta birnin New York a 1953, sun daɗe da sanin wannan. Matashinsu soso ne zalla, sai su naɗe gefensa da tef don iska ta rage zurarewa, bes ya ƙaru. Tef kawai.

Yanzu mu leƙa ɗakin baya, inda aikin ya fi daɗi kuma ya fi wuya.

Ka taɓa shiga ɗakin da ba a sa kaya ba ka yi tafi? Amsa-kuwwa ce za ta dawo maka. A shimfiɗa darduma, a rataya labule, sai ta mutu. Haka cikin ƙoƙo yake. Sauti mai hertz 6,000 tsawon igiyarsa bai kai santimita shida ba, rabinsa kuwa ya yi daidai da faɗin wuraren da ke cikin hedifon. Sai ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin bango da bango yana ƙara wa kansa ƙarfi. Shi ne kaifin da ke sa harafin "s" ya soki kunne. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. Sennheiser na Jamus ya fitar da HD 800 a 2009, hedifon da ake girmamawa har yau, amma yana da tsini a wajen hertz 6,000, wato sautin wurin ya fi na kewayensa ƙarfi. Masu saye suka yi ta liƙa masa ƙyallen ulu da soso a ciki don su shanye wannan amon. Da kamfanin ya fito da HD 800 S, sai ga shi ya sa wata 'yar na'urar shanye amon a ciki. Ina jin daɗin wannan labari, domin ya nuna kunnen masu gyara a gida bai yi ƙarya ba.

Kashe amo iri uku ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai na bango: ka liƙa roba mai nauyi, irin Dynamat da ake sa wa ƙofar mota, don ƙoƙon ya daina karkarwa. Ƙwanƙwasa ƙoƙon roba da farce, za ka ji "kwas-kwas". Liƙa masa robar ka sake, sai ka ji "tuf". Akwai na iska: auduga, ulu ko soso, waɗanda sauti ke shiga cikin zarensu ya gaji. Sai na uku, wanda ke kan lasifikar kanta, wato takarda ko ƙyalle da ake liƙawa a bayanta don ya riƙe tantanin kada ya yi rawar da ba a sa shi ba. Wannan na ukun shi ne mai kaifi biyu. Ƙyalle ɗaya ya yi yawa, bes ya tsere.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Farkon shigata wannan harka, na samu wani rufaffen hedifon mai yawan ruri a ƙasa. Na buɗe, na cusa auduga har sai da na danna ƙoƙon da ƙarfi kafin ya rufu. Da na sa a kunne, rurin ya tafi, amma ya tafi da ran waƙar. Muryar mawaƙiyar ta koma kamar tana rera daga cikin bargo, gangar kuma kamar ana dukan katifa. Na sake buɗewa, na yage audugar na bar kashi ɗaya cikin uku, na tsefe ta ta yi sako-sako. Sai ga numfashin mawaƙiyar ya dawo, har ina jin lokacin da take jan iska kafin baiti. Tun ranar nake auna auduga a kan ƙaramin sikeli, dama da hagu daidai wa daida, domin in ɗaya ya fi ɗaya, muryar za ta karkata gefe.

Hedifon da ya fi shahara a wannan fage shi ne Fostex T50RP na Japan. Lasifikarsa shimfiɗaɗɗen tantani ce tsakanin jerin maganaɗisu, mai kyau sosai, an sa ta cikin ƙoƙon roba mai sauƙi. Masu gyara suka yi masa caa. Suna toshe kafar iskarsa kaɗan-kaɗan da tef don daidaita bes, suna cika ramukan farantin da ke riƙe lasifikar da yumɓun roba, suna sauya matashi. Daga kan wannan hedifon Dan Clark ya fara kamfaninsa a Amurka, haka ma Zach Mehrbach na kamfanin ZMF, wanda ya yi suna da ƙoƙon katako.

To ga mu a kan katakon. Ana cewa wannan itace yana da ɗumi, wancan yana da haske, kamar yadda ake faɗa a kan gita. Sai dai jikin gita an yi shi ne don ya yi rawa, shi ke fitar da sautin. Ƙoƙon hedifon kuwa aikinsa ya tsaya cik. Idan ka sa ƙoƙon katako ka ji sauti ya canza, ba ƙarya kunnenka ya yi ba, amma ka tambayi me ya canza tare da shi. Galibi sabon ƙoƙon ya fi zurfi, wato iskar baya ta ƙaru. Iskar da aka kulle kamar sifirin take: in kaɗan ce ta yi tauri ta riƙe tantanin, in da yawa ta yi laushi ta bar shi ya sake. Bangon ya fi kauri da nauyi, karkarwa ta ragu. Siffar ciki ta sauya, kafar iska ta sauya wuri ko ta ɓace. A ganina waɗannan ne ke ɗauke da mafi yawan canjin. Irin itacen yana da nasa rabo, ta wajen nauyi da tauri, amma rabon ƙarami ne. A buɗaɗɗen hedifon, inda sautin baya ke ficewa ta raga, ya fi ƙanƙanta ma.

Duk da haka ba na raina shi. Sony MDR-R10 na 1989, mai ƙoƙon itacen zelkoba, har gobe ana ambatonsa cikin hedifon mafi daraja da aka taɓa yi. Fostex TH900 da jan fentinsa na gargajiyar Japan, kallonsa kaɗai abin sha'awa ne. Abin da hannu ya sassaƙa, ya goge, ya shafa wa mai, yana sa mutum ya zauna ya saurara da natsuwa, kuma wannan ma riba ce. In za ku sa, ku nemi itacen da ya bushe sarai, domin ɗanye zai tsage ko ya karkace, iska ta samu kafa. Ku kuma tuna da wuya, katako mai nauyi yana gajiyar da shi bayan awa biyu.

In kun tashi aiki, abu ɗaya za ku sauya a lokaci guda, ku rubuta shi. Ku riƙe waƙoƙi uku da kuka haddace, ku saurara a ƙarfin sauti ɗaya, saboda kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Mai makirufon awo ya haɗa da manhajar auna sauti ta REW, kyauta ce, zai ga tsinin da idonsa. Wayoyin da ke shiga lasifika sirara ne kamar gashi, kada ku bar ƙoƙo yana lilo a jikinsu, kuma kada ƙarfen narka dalma ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a kan mahaɗar. Buɗe hedifon yakan soke garantin kamfani, don haka ku fara da wanda in ya lalace ba zai hana ku barci ba.

Yanzu zan mayar da wannan yadda ya zo, da ƙoƙonsa na roba, in cire matashin karammiskin in sa na fata. Ku sa naku hedifon, ga waƙar farko, ku kasa kunne ga gangar da ke shigowa bayan baiti na biyu.