Tulin kifi a gaɓa ba ya nuna abin da ya rage a cikin teku

Ku ɗauka muna tsaye a gaɓar teku a Elmina, a kudancin Ghana, da sanyin safiya. Kwalekwale suna dawowa, mata kuma suna tarbarsu da manyan kwanoni. Duk shekarar da aka buɗe teku bayan hutun kamun kifi, irin waɗannan hotuna ne suke yawo a wayoyin jama'a, ana ta murna cewa teku ya farfaɗo. A daidai wannan wuri ne yawancinmu muke yin kuskure.

Kifin da kuke gani shi ne sadinela, wanda ake kira amane a kasuwannin ƙasar, kuma bandarsa tana kaiwa har Kumasi da Tamale, tana shiga tukunyar talaka. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku, kifin ya taru ya yi ƙwai. A 2019 gwamnati ta fara dakatar da masu kwalekwale na tsawon wata guda, a 2021 kuma ta mayar da hutun watan Yuli.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sadinela ba ya yawo ɗai-ɗai, a gungu yake tafiya. Ko da yawansa ya ragu ƙwarai, ɗan abin da ya rage zai sake haɗuwa wuri guda, kuma masunci mai inji da dogon taru, musamman wanda yake kunna fitila da dare duk da cewa doka ta hana, zai gano gungun ya kwashe shi. Saboda haka kwano zai iya cika a gaɓa alhali teku yana ƙarewa. Masu bincike ba sa tsayawa ga nauyin kifin da aka sauke. Sukan tambayi kwalekwale nawa ne suka fita, awa nawa suka yi a ruwa, mai nawa suka ƙona, sa'an nan su raba kamun da wannan wahalar. Idan bana sai an kwana biyu a ruwa kafin a sami abin da a da ake samu kafin azahar, to an sami amsa, ko da tulin bai canza ba.

Ku lura da mai binciken nan da yake ɗora kifi a kan ma'auni. Tsawon kifin yake dubawa don ya san ko ya isa yin ƙwai, domin kifin da aka kama kafin ya yi ƙwai ko sau ɗaya asara ce ta baɗi.

A tsakiyar shekarun 1990 ana sauke fiye da tan 100,000 na sadinela a shekara a Ghana, amma zuwa 2016 abin ya koma ƙasa da tan 30,000, kwalekwale kuwa sun haura 12,000. Kanada ta taɓa ganin irin wannan: manyan jirage sun ci gaba da cika da kifin kod har zuwa 1992, lokacin da aka rufe kamunsa a yankin Newfoundland da ke gabashin ƙasar, dubban mutane suka rasa sana'a.

Lissafin bai ƙare a ruwa ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi damuna. Matar nan mai banda sau da yawa ita ce take ba da kuɗin mai kafin kwalekwale ya fita. A duk shekarar da aka yi hutun, murhunta yana mutuwa a wannan watan, gida yana cin bashi, kuma da zarar an buɗe teku bashin ne yake tura masunta su ninka fita. Ga kuma saiko, cinikin haram da manyan jirage suka daɗe suna yi na sayar wa kwalekwale daskararren ƙananan kifi a tsakiyar teku. A bakin kogin Volta ma, itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda 'ya'yan kifaye da yawa suke girma, su ne ake sarewa a yi banda.

Shi ya sa mai auna ɗorewar wannan sana'a, bayan ya gama da ma'auni, yakan wuce wurin masu banda ya tambaye su nawa suka sayi kwano bana, kwana nawa murhu ya yi babu wuta, kuma bashin nawa ne ya rage a kansu.