Girman Taraktar da Ya Dace da Ƙaramar Gona

Masu kallo, assalamu alaikum. Manomin da ya tara kuɗin tarakta yakan fara da tambayar mai sayarwa ƙarfin doki nawa injin yake da shi, alhali akwai tambayoyin da suka rigayi wannan, waɗanda amsarsu tana cikin gonarsa tun kafin ya taka ƙafa kasuwa. A wannan shiri za mu bi yadda mai gonar da ba ta wuce hekta 2 zuwa 15 ba zai gane girman taraktar da ta dace da shi, kuma hanyar da za mu bi ita ce a fara da aikin da ya fi kowane nauyi a gonar, sannan a nemi injin da zai iya shi.

A Arewacin Najeriya, idan aka ambaci tarakta, abin da yake zuwa a zukatan mutane shi ne jar Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, domin ita da ire-irenta aka saba gani a hannun gwamnatoci da masu bayar da haya. Wannan sabo ya sa ake raina duk abin da ya gaza ta, ana ganin kamar ba tarakta ba ce. Amma girman tarakta hawa-hawa ne. Akwai mai taya biyu wadda mutum yake bi a ƙasa yana riƙe da hannuwanta, wadda ake kira fawa-tila, ƙarfinta yawanci doki 8 zuwa 15 ne. Akwai ƙanana masu taya huɗu da ba su kai doki 25 ba, sai matsakaita daga doki 25 zuwa 50, waɗanda a kansu yawancin bayaninmu zai tsaya, sannan manya daga doki 60 zuwa sama.

Aikin da ya fi wahalar da tarakta a yawancin gonaki shi ne kaftu da garma mai faifai, musamman a farkon damina lokacin da ruwa bai gama ratsa ƙasa ba. A ƙasa mai matsakaicin tauri, garma mai faifai biyu tana buƙatar tarakta mai doki 35 zuwa 45, mai faifai uku kuwa sai an kai doki 50 zuwa sama kafin ta shiga ƙasa yadda ya kamata. Wannan lissafi yana canjawa da irin ƙasar. A jigawa, kamar gonakin gero da gyaɗa na wajen Daura ko Gumel ko Maraɗi, ƙasa ba ta da nauyi, manoma da yawa ma ba sa kaftu, haro, wato abin da yake farfasa saman ƙasa, kawai suke bi da shi sannan su yi kunya, saboda haka tarakta mai doki 30 zuwa 35 tana wadatar da su. A ƙasar laka ta fadama kuwa, wadda take daskarewa da rani ta kuma riƙe taya da damina, garmar da ƙaramar tarakta take ja a jigawa cikin sauƙi tana iya tsayar da ita cak. Saboda haka manoma biyu masu hekta 5 kowannensu suna iya buƙatar taraktoci mabambanta, don kawai ƙasarsu ba iri ɗaya ba ce.

Yanzu mu dubi lissafin lokacin aiki, domin shi ne yake raba gardama. Idan kana son sanin hekta nawa tarakta za ta noma a awa ɗaya, sai ka ninka faɗin abin da take ja, a ma'aunin mita, da saurin tafiyarta, a ma'aunin kilomita cikin awa, ka raba da 10, sannan ka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda lokacin da yake tafiya a juyi da tsayawa da cire ciyawar da ta naɗe. Garma mai faifai biyu tana yankan faɗin da ya kai kimanin mita 0.6. Idan tana tafiyar kilomita 5 a awa, za ta gama hekta ɗaya cikin awa 4 da rabi ko kusa da haka. Mai faifai uku, wadda faɗinta ya kai kimanin mita 0.9, za ta gama cikin awa 3. Ga mai hekta 5, wannan yana nufin ƙaramar tarakta za ta gama kaftu cikin kwana 3, babbar kuma cikin kwana 2. Ribar babbar taraktar a wannan gona kwana ɗaya ce tak a shekara, kuma a kan wannan kwana ɗaya zai biya ƙarin kuɗin saye, da tsadar tayoyi, da yawan baƙin mai a kowane juye. Mai hekta 30 kuwa labarinsa daban ne, domin a wurinsa bambancin ya haura kwana 5, kuma duk wanda ya yi noman masara ya san abin da jinkirin mako guda yake yi wa shuka a yankin da damina take gajeriya.

Game da man gas, tarakta mai doki 35 tana shan kimanin lita 4 zuwa 5 a awa idan tana aiki mai nauyi, mai doki 75 kuma tana shan kusan ninkin haka. Idan kowacce tana jan garmar da ta yi daidai da ƙarfinta, man da za su ƙona a hekta ɗaya ba zai bambanta sosai ba. Asarar tana faruwa ne idan aka ɗaura wa babbar tarakta ƙaramin aiki, kamar jan tirela mai ɗauke da buhu goma ko juya injin casa, domin a lokacin ana ƙona mai ne don a motsa nauyin taraktar kanta.

Akwai lamba ta biyu da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Ƙarfin dokin da aka rubuta a jikin tarakta na injin ne, amma kayan aiki irin su rotabeta, mai wuƙaƙe masu juyawa da suke niƙe ƙasa, da injin casa, da famfon ban ruwa, suna karɓar ƙarfinsu ne daga wani ƙarfe mai juyawa a bayan taraktar, wanda ake kira PTO, kuma a ƙananan taraktoci yana juyawa sau 540 a minti ɗaya. Ƙarfin da yake isa wannan ƙarfe yakan gaza na injin da kusan kashi 15 cikin 100, saboda haka tarakta mai doki 35 ba za ta ba rotabeta fiye da doki 30 ko kusa da haka ba. Duk wanda noman shinkafa ko kayan lambu ne babban aikinsa, wannan lamba ce ta fi shafar sa, kuma da ita zai auna faɗin rotabetar da zai saya.

Nauyin taraktar ma yana da nasa matsayi, kuma a nan ake yawan yaudarar mai saye. Injin yana iya zama mai ƙarfi, amma idan jikin ba shi da nauyi, tayoyi za su yi ta murzawa a wuri ɗaya suna tonon rami garma kuma ba ta motsa ba. Wannan ne ya sa ake ɗura ruwa a cikin tayoyin baya, ake kuma rataya ƙarafa a gaba don kada goshin taraktar ya tashi sama idan ta ɗaga garma. Tarakta mai ja da duka tayoyinta huɗu tana cin moriyar nauyinta gaba ɗaya, shi ya sa mai doki 40 irin wannan takan yi aikin da mai doki 50 mai ja da tayoyin baya kaɗai take fama da shi a cikin laka. A busasshiyar gonar tudu ƙarin kuɗin da ake biya a kanta ba lallai ya dawo ba, a fadama kuwa yana dawowa.

Sai wurin da ake maƙala kayan aiki a baya, mai hannuwa uku, wanda Harry Ferguson ya yi wa rajistar mallaka a 1926 kuma har yau shi ake amfani da shi. Yana da aji-aji: matsakaitan taraktoci suna da aji na 1, inda kaurin ƙusoshin ƙasa yake milimita 22, manya kuma aji na 2 mai milimita 28. Wannan ƙaramin bambanci yana da muhimmanci a wurinmu, domin yawancin garmuna da haro da rija (mai tayar da kunya) da suke yawo a kasuwannin Kano da Kaduna an yi su ne don manyan taraktoci. Mutum yana iya samun ƙaramar tarakta da araha, sannan ya tarar babu garmar da za ta shiga bayanta, ko kuma ta shiga amma ta fi ƙarfin ɗagawarta. Kafin a biya kuɗin tarakta, ya kamata a ga kayan aikinta da ido, a kuma haɗa farashinsu a lissafi.

Wani abu da ya keɓanta da nomanmu shi ne kunya. Tazarar da aka saba bari tsakanin kunyoyin masara da dawa ita ce santimita 75, saboda haka taraktar da za ta koma cikin gona bayan shuka, don noman ciyawa ko tayar da kunya, dole tazarar tayoyinta ta kai kimanin mita 1.5, yadda za su bi cikin kwari su haɗe kunya biyu a tsakaninsu. Ƙananan taraktocin Japan na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, irin su Kubota da Yanmar da Iseki, injina ne masu nagarta, sai dai da yawansu an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗun gonakin shinkafa, tayoyinsu a matse suke kuma cikinsu yana kusa da ƙasa. A fangalin shinkafa na Kura ko Kadawa wannan ba aibi ba ne, amma a gonar kunya tayar za ta hau kan shuka, cikin taraktar kuma ya kwantar da ita. A ɗaya ɓangaren, gonar da take da itatuwan gawo da ɗorawa da kaɗanya a warwatse, ko wadda gado ya rarraba ta zuwa ƙananan yankuna, tana wahalar da babbar tarakta wajen juyi, kuma a nan matsakaiciya ta fi ta sauri a aikace.

Ga mai hekta 2 ko 3, gaskiyar magana ita ce tarakta mai taya huɗu ba za ta biya kanta daga gonarsa kaɗai ba. Idan shinkafa ko lambu yake yi, fawa-tila ta ishe shi, idan kuma gonar tudu ce, shanun huɗa ko haya sun fi masa sauƙi, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Hello Tractor da suke haɗa masu tarakta da manoma ta wayar hannu. Wanda ya yi niyyar saye don ya noma tasa ya kuma yi wa maƙwabta aikin kuɗi, sai ya yi lissafinsa da jimillar gonakin da zai yi wa aiki a makonnin farkon damina, domin duk a lokaci guda za su neme shi, kuma a irin wannan hali doki 50 zuwa 60 ya fi dacewa.

Idan an tsayar da girman, sai a zaɓi samfurin da bakaniken yankin ya san cikinsa kuma ake samun kayan gyaransa a gari mafi kusa, domin taraktar da ta tsaya a watan Yuni tana jiran famfon mai daga ƙasar waje ta rasa shekarar gaba ɗaya. A tabbatar kuma tana da ƙarfen kariya a saman kujera tare da bel, saboda ƙananan taraktoci masu matsattsun tayoyi sun fi saurin kifewa a gefen magudanar ruwa da kan gangara.

Kafin a kammala ciniki, a roƙi mai sayarwa ya bari a gwada ta da garmar da za ta riƙa ja, a cikin ƙasa irin ta gonar, a zurfin santimita 15 zuwa 20. Idan ta riƙe tafiyar da ta kai saurin mutum mai hanzari, sautin injin bai faɗi ba, hayaƙi bai yi baƙi ba, tayoyin baya kuma suna barin sawu mai kyau ba tare da tonon ƙasa ba, to girmanta ya yi. Idan kuwa sai direba ya riƙa ɗaga garma sama kafin ta ci gaba, a rage faifai ɗaya a sake gwadawa, ko a duba wadda ta ɗara ta da doki 10.