Yadda Tashar Lantarki ta Bankside ta Koma Gidan Nunin Fasaha na Tate Modern

Akwai wani katafaren gini mai dogon bututun hayaƙi a tsakiyarsa, yana bakin kogin Thames ta kudu a birnin Landan, yana fuskantar majami'ar St Paul da ke tsallaken ruwa. A yau sunansa Tate Modern, gidan da ake nuna zane-zane da sassaƙe-sassaƙen zamani, amma asalinsa tashar samar da wutar lantarki ce da ake kira Bankside.

Sir Giles Gilbert Scott, wanda ya zana jajayen rumfunan tarho da aka san Ingila da su, shi ya tsara ginin. An gina shi kashi biyu tsakanin 1947 da 1963, kuma ya ci tubali fiye da miliyan 4. Tun kafin a aza harsashi jama'a suka yi ta ƙorafi kan kafa tasha mai hayaƙi daura da majami'ar, kuma an tsayar da bututun a mita 99 domin kada ya ɗara ƙololuwar St Paul tsawo. Tashar da mai take aiki maimakon kwal, kuma wannan zaɓi ne ya yi ajalinta, domin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a shekarun 1970, gudanar da ita ya zama asara, aka rufe ta a 1981.

Fiye da shekara goma ginin yana zaune babu kowa, har ana batun rushe shi. A lokacin kuwa cibiyar Tate mai kula da gidajen nunin fasaha, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Serota, tana fama da ƙarancin wuri a tsohon gidanta na Millbank, saboda haka a 1994 ta sanar cewa Bankside ta zaɓa. A gasar da aka shirya, kamfanin Herzog & de Meuron na ƙasar Suwizalan ne ya yi nasara a 1995, kuma abin da ya bambanta tsarinsu shi ne ƙudurin barin ginin da kamanninsa. An kwashe injuna, an bar ƙarafa da bangon tubali, an ɗora bene biyu na gilashi a kan rufi domin haske ya shiga, sannan aka yi wata gangara mai faɗi daga ƙofar yamma wadda take saukar da baƙo kai tsaye cikin zauren injuna. Aikin ya ci fam miliyan 134, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe gidan a watan Mayun 2000, kuma a shekarar farko mutum fiye da miliyan 5 suka ziyarce shi, adadin da ya zarce tsammanin hukumar gidan nesa ba kusa ba.

Wannan zaure shi ne zuciyar al'amarin. Tsawonsa ya haura mita 150, bisansa mita 35, kuma da an bi ta lissafin kuɗi da an yanyanka shi ɗakuna. Barinsa wayam da aka yi ya tilasta wa masu fasaha su ƙirƙiro ayyukan da za su iya cika shi. Louise Bourgeois ta fara da wani ƙaton gizo-gizo na ƙarfe. A 2003 Olafur Eliasson ya rataya wata rana ta fitilu, ya shimfiɗa madubi a rufi, mutane suka riƙa kwanciya a ƙasa suna kallon kansu. Ai Weiwei ya zuba ƙwayoyin tangaran kimanin miliyan 100 a 2010, kowace da hannu aka yi mata fenti, sannan a 2023 El Anatsui ɗan ƙasar Gana ya rataya manyan labule da aka haɗa da murafen kwalabe.

Cunkoson baƙi ya sa aka faɗaɗa gidan. Manyan tankunan mai da ke ƙarƙashin ƙasa sun koma wuraren nuna wasanni da fina-finai a 2012, kuma a 2016 aka buɗe sabon bene mai hawa goma a kansu, wanda kamfanin nan na Suwizalan ya lulluɓe shi da tubali domin ya dace da aikin Scott. Barandar da ke saman benen ta jawo shari'a, domin mazauna gidajen gilashin da ke maƙwabtaka sun yi ƙara cewa baƙi suna leƙa musu ɗakuna, kuma a 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba su gaskiya.