Labarin kakannin Anangu a sararin samaniyar Uluru

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu tsakiyar hamadar Ostireliya, gindin dutsen Uluru, jan dutsen nan mai tsayin mita 348 wanda hotonsa ya zagaye duniya.

Tun daga watan Mayun 2023, idan rana ta faɗi, ana zaunar da baƙi a kan wani dandamali bisa tudun rairayi, suna fuskantar dutsen daga nesa. Da duhu ya kankama sai ƙananan jirage marasa matuƙa sama da 1,000 su tashi, kowane ɗauke da fitilarsa, su jera a sama suna zana siffofi, hasken leza kuma yana bin ƙasa da itatuwa. Muryoyin da ke tashi daga lasifika na mutanen Anangu ne, 'yan asalin wurin, suna waƙa da ba da labari da harsunansu na Pitjantjatjara da Yankunytjatjara. Sunan shirin Wintjiri Wiru. Kamfanin Voyages mai kula da masaukin baƙi na yankin ne ya kawo shi, wani kamfanin fasahar haske na birnin Melbourne mai suna Ramus ya tsara, an kuma kashe kimanin dalar Ostireliya miliyan 10.

Abin da ake nunawa wani yanki ne na labarin Mala. Mala wata 'yar dabba ce dangin kangaru, girmanta bai wuce na zomo ba, kuma a wajen Anangu akwai kakannin farko masu wannan suna. Sun iso Uluru daga arewa, suka kafa sandar biki, suka fara hidimarsu. Ana cikin haka sai ga manzanni daga mutanen Wintalka na yamma, sun zo gayyatarsu wani bikin. Mala suka ce a yi haƙuri, bikin da aka fara ba a yanke shi. Wintalka suka ɗauki abin a matsayin raini, suka haɗa wani mugun dodo mai siffar ƙaton kare, Kurpany, suka turo shi. Luunpa, macen tsuntsuwa mai kamun kifi, ita ta fara hango shi, ta yi kururuwa, ba a saurare ta ba. Dodon ya afka musu, ya kashe na kashewa, sauran suka gudu kudu. Har yau Anangu suna nuna alamun wannan artabu a jikin dutsen.

Kada mai sauraro ya ɗauka tatsuniya ce ta hira da yara. Labarin yana cikin abin da suke kira Tjukurpa, wanda ya haɗa asalin halitta da doka da tarbiyya da iyakokin ƙasa, har da wanda ya cancanci sanin me. Akwai ilimin maza, akwai na mata, akwai wanda sai mutum ya kai wani matsayi ake buɗe masa. Shi ya sa a wasu kusurwoyin Uluru za ka tarar da allo yana hana ɗaukar hoto, komai tsadar kyamararka.

To, a nan ne masu suka ke da abin faɗa, kuma ba a banza suke magana ba. Suna ganin an ɗauko abu mai alfarma an mayar da shi kallo, mai kuɗi ya biya, ya zauna da abin sha a hannu yana tafi. Tarihi ma yana bayansu. A 1873 wani Bature mai safiyo, William Gosse, ya raɗa wa dutsen Ayers Rock don girmama wani jami'in mulki, kamar dai da can ba shi da suna. Sai ranar 26 ga Oktoban 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu takardar mallaka, shi ma da sharaɗin su ba ta haya na shekara 99. Sun shafe shekaru suna roƙon baƙi su daina hawa dutsen, ba a rufe hanyar hawan ba sai a Oktoban 2019. A kasuwa kuwa, wani rahoton hukumar gwamnati na 2022 ya ce biyu cikin kowane uku na kayan tsaraba da ake sayarwa da sunan fasahar 'yan asalin ƙasar jabu ne. Mutanen da aka yi wa haka, ai dole a tambaya ko wannan ma sabuwar hanyar kwasar ganima ce.

Ni dai a ganina, fitila da jirgi ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne a hannun wa linzamin labarin yake. A wannan karon an zauna da wakilan Anangu na tsawon shekaru, su suka zaɓi babin da za a fitar, daga Kaltukatjara, wani ƙauye da ke yamma, zuwa Uluru, su suka ba da muryoyi, kuma haƙƙin mallakar labarin yana hannunsu. Abin da bai halatta baƙo ya ji ba, jirage 1,000 ba su faɗe shi ba. An kuma kafa dandamalin a wajen iyakar gandun dajin da dutsen yake ciki, domin a cikin gandun ba a tashin irin waɗannan jirage sai da izini. Idan aka kwatanta da shirin Field of Light da Bruce Munro ɗan Ingila ya shimfiɗa a 2016, da fitilu 50,000 masu aiki da hasken rana, za a ga bambanci: wancan tunanin baƙo ne a ƙasar Anangu, wannan kuwa maganar masu gida ce. Haka a garin Alice Springs, bikin Parrtjima yana haska zanen masu fasaha 'yan asalin ƙasar a jikin tsaunukan MacDonnell tun 2016, tare da shawarar dattawan Arrernte, 'yan asalin wannan yankin.

Inda nake da sauran ƙorafi shi ne batun amfani. A gindin dutsen akwai ƙauyen Mutitjulu, mai mutane 'yan ɗaruruwa, kuma matsalar gidaje da rashin aikin yi ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan hamadar nan. Wata biyar bayan ƙaddamar da Wintjiri Wiru, a Oktoban 2023, kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓen Ostireliya suka ƙi amincewa a sanya majalisar ba da shawara ta 'yan asalin ƙasar a tsarin mulki, buƙatar da aka rubuta a wani taro a Uluru ɗin nan a 2017. Don haka kamata ya yi masu gudanar da shirin su riƙa bayyana a fili, shekara bayan shekara, nawa ne daga kuɗin tikiti ke isa ga iyalan da suka ba da labarin, da kuma matasan Anangu nawa aka koya wa sarrafa jiragen da kansu.